Nauyin da Aka Cire wa Akuya

Shafi na 19

Ke da kika rubuto min jiya kina cewa wai ba na ganin girman mahaifina, karanta wannan tukuna, sai ki sake faɗa. Ku kuma masu cewa in rage zancen kilo da sikeli in ba ku soyayya, haƙuri za ku yi. A gidanmu soyayyar ma sai ta hau sikeli kafin a yarda da ita.

Mun tsaya a safiyar tseren motoci na hawan dutse.

Mamo, mahaifiyata, ta riga ta baje a rumfarmu kamar ana biki. Banitsa, wainar fulawarmu mai cuku a ciki, da zafinta, cuku, tumatir, gasasshen tattasai, duk a jere kan wani dogon abu da ta lulluɓe da zanen tebur. Akuya kuwa, tsohuwar motar Ladar nan da mahaifina, Tate, wato Baba a harshenmu, ya cusa wa injin mai ƙarfin doki ɗari biyar, tuni ta gangara wurin tashi ta shiga layi, mijina Zahari a cikinta.

Tun da na farka na kasa zama wuri ɗaya, ban san dalili ba. Da ƙafafuna suka gaji da zarya sai na raɓa na zauna a ƙarshen abin nan na Mamo.

Sanyi ya ratsa wandona. Sanyin ƙarfe.

"Mamo, mene ne wannan?"

"Benci."

"Benci mai zagayayyen baya?"

"A bayan rumfa na tsince shi yashe, na ce ba zai zauna haka nan ba, babu aikin fari bare na baƙi. Ɗauki banitsa ki ci, duk kin yi zuru-zuru."

Na ɗaga gefen zanen.

Tukunyar gas ce. Shuɗiya, doguwa, da ɗan karce a gefe inda sifana ta taɓa zame min. Tukunyar Akuya ce, wadda mazauninta yake can ƙarshen but, bayan tayoyin baya.

"Mamo, gas ne fa cike a ciki!"

"To ai ba na shan taba."

Ban yi dariya ba.

Ku gane, a nan wajenmu babu mai hankalin da zai ƙona fetur alhali ga gas. Ɗan tasi gas, likita gas, motar limamin cocinmu ma tukunya ce a bayanta. Don haka duk gwajin da aka yi wa Akuya tun narkewar ƙanƙara, da gas aka yi shi. Tate ya ce fetur sai ranar tsere, kamar rigar biki. Duk awon da aka yi mata, duk ɗaurin sifirin, duk rabon birki tsakanin gaba da baya, an yi su ne tukunyar nan tana zaune a bayanta cike taf, kilo saba'in. Mun saba da ita har mun daina ganinta. Ko sau ɗaya babu wanda ya tambaya a cikinmu ko masu duba motocin tsere za su yarda da ita.

Na tashi na nufi motar kayanmu.

Na sami Tate a bayanta yana jera sifanu. Sifanun da tun jiya a jere suke. Duk wanda ya san mahaifina, Stoycho makanike, ya san in ya fara gyara abin da bai lalace ba, to akwai magana a ƙasa.

"Tate."

Bai waiwayo ba.

"Tate, me tukunyar Akuya take yi a ƙarƙashin banitsar Mamo?"

"Ta gaji da yawo, tana hutawa."

"Ba wasa ya kawo ni ba."

"Ni ma ba wasa nake ba. Masu dubawa suka ce ba za ta hau dutse da gas ba. Doka ce. Ko a sauke, ko mu tattara mu koma gida."

"Sai ka sauke."

"Sai na sauke."

"Me ka sa a madadinta?"

Ya ɗauki wata sifana yana duba lambarta kamar yau ya fara ganinta.

"Tate, me ka sa?"

"Ina zan samo dalma a kan dutse ranar Lahadi? Kuma ko daga sama ta faɗo, sun riga sun gama dubawa sun buga hatimi. Duk abin da aka ƙara bayan hatimi, an kori mota."

"Wato babu komai."

"Iska ce. Iska mai kyau ta dutse."

Wallahi da ba ubana ba ne da na san abin da zan gaya masa.

"Ka auna ta?"

"Babu lokaci."

"Kai? Babu lokacin awo?"

Wannan mutumin fa sikeli huɗu gare shi, faranti ɗaya ƙarƙashin kowace taya, kuma ko keken jariri ba ya fita daga garejinsa sai ya hau su. Ranar da Zahari ya zo daga ƙasarsu ta fili mara duwatsu neman aurena, kafin a ba shi kujera sai da Tate ya tsayar da shi a kan faranti ɗaya, ya dubi lamba, ya ce, "Hm, ɗan fili, ba nauyi." Shi ne yau yake gaya min babu lokaci.

Na ture shi gefe na jawo akwatin sikelin. Wayoyin a cukurkuɗe suke, ba irin naɗin da yake yi musu ba. A kan kowane faranti ga sawun taya nan sabo fil, har da ɗanyar ciyawa.

"Ka auna."

Ya ci gaba da juya sifanar a hannunsa.

"Nawa?"

"Nevena…"

"Nawa, Tate?"

"Hamsin da shida cikin ɗari a gaba."

"A baya arba'in da huɗu."

"Ai kin iya lissafi."



Duk bazarar nan hamsin da biyu muke da shi a gaba, arba'in da takwas a baya. Sai da Tate ya mayar da batir baya, ya ja injin ciki har ya kusa shiga cinyar direba, kafin ya samu hakan. Na san wasunku za su ce huɗu cikin ɗari har wani abu ne? A miƙaƙƙiyar hanya ba komai ba ne, kana iya zuwa bakin teku ka dawo ba ka ji ba. Amma hanyar dutsenmu tana da wata gangara guda ɗaya, gajeriya, dab da kwanar famfo. A nan ake taka birki da dukkan ƙarfi. Nauyi duk sai ya ruga hanci, baya ya ɗaga, kamar baron da aka loda wa kaya a baki ana gangarawa da shi. In bayan ba shi da abin da zai danne shi, tayoyinsa su ƙame, su saki kwalta, wutsiya ta zagayo ta wuce kai. Hagu dutse ne, dama rami.

Kuma famfon da ke kwanar, Tate ne ya gina shi da hannunsa, kamar yadda ake yi a nan in an rasa wani a hanya, don matafiya su sha ruwa su tuna da shi. Sunan yayana Asen ne a sassaƙe a jikinsa. Motarsa ita ma hanci ne ya yi mata nauyi. Bayan jana'izarsa Tate ya sayi sikelin nan.

"Birkin baya fa? Ka rage shi?"

"Na rage."

"Ka gwada?"

"A ina? An rufe hanya tun safe."

"Wato da ka ka rage."

"Kan nan shekara arba'in yana gyaran mota."

"Kan nan ne ya manta da tukunya har bazara ta ƙare!"

Ya kalle ni. Na zaci zai daka min tsawa irin wadda take sa karen maƙwabta shigewa ƙarƙashin mota. Bai yi ba, kuma wannan ya fi tsawar tsorata ni.

"Na manta," ya ce. "Dukkanmu mun manta."

"To shi ke nan. Zan je in gaya wa Zahari, ya fito daga layi."

"Tsaya."

"Ba zan tsaya ba. Ka tura shi dutse bai san abin da ke ƙarƙashinsa ba. Na san ba ka taɓa ƙaunarsa ba, amma ban zaci abin ya kai nan ba. Baƙo, baƙo, kullum baƙo. Baƙon gidanmu ya ci? Baƙon gidanmu ya tashi? To baƙon nan mijina ne!"

"Ya sani."

Na tsaya cak.

"Me ka ce?"

"Kilo saba'in, Nevena. Kina ganin ni kaɗai na sauke ta da wannan bayan nawa? Shi ya kama ɗaya gefen."

"Ƙarya ne."

"Shi ya tura motar kan sikeli. Shi ya karanta min lambar, don ban sa tabarau ba."

"Da ya gaya min. Zahari ba ya ɓoye min komai."

"Ya sa na rantse ba zan gaya miki ba."

Sai na tuna. Da na dawo daga karɓo lambarsa na same shi ya riga ya sa hular kwano, tun layi bai fara ba. Na tsokane shi na ce ko tsoron banitsar Mamo yake kada ta ƙara masa nauyi. Ashe fuskarsa yake ɓoye min.

"Kai kuma ka bar shi?"

"Na ce mu janye. Na rantse miki da kabarin Asen na faɗa. Na ce, yaro, a tura ta cikin tirela, baɗi ma rana ce."

"Sai me?"

Ya ajiye sifanar.

"Sai ya ce min, Tate, bar ni in hau."

"To?"

"Tate fa ya ce, Nevena."

Ban gane ba da farko. Sai daga baya abin ya sauko min. Tun da muka yi aure Zahari ya tare a gidanmu, Chicho Stoycho yake kiransa, yadda ake kiran kowane dattijo a kan titi. Babu namijin da ya ƙara ce wa mahaifina Tate tun ranar da aka ɗauko Asen daga ramin nan.

"Ya tsaya a gabana da hular a hannu," Tate ya ci gaba, muryarsa can ƙasa. "Tsayuwar ma iri ɗaya da ta Asen, kafaɗa ɗaya a sama. Ban san lokacin da bakina ya ce, to ɗana, hau."

Na tausaya masa, ba zan ɓoye muku ba. Na ɗan lokaci kaɗan. Sai haushi ya taso ya danne tausayin.

"Sai yau ka ga damar haihuwarsa? Duk shekarun nan yana cin abinci a teburinka kamar mai jiran bas, sai yau da za ka tura shi kwanar famfo?"

"Zai taka birki da wuri. Ya yi alkawari."

"Asen ma ya yi maka alkawari."

Ban tsaya ganin fuskarsa ba. Lasifika ta kira lamba talatin da tara. Zahari arba'in da ɗaya ne.

Na ruga.

Mutane sun cika gefen hanya maƙil, hayaƙin gasasshen nama, kwalaben giya, kujerun roba. Na bangaje wata mata, na taka ƙafar wani, wani ya ce, "Sannu sarauniya, mijin naki ba gudu zai yi ba, ai yana gidanku!" Abokansa suka kwashe da dariya. A wata rana da na tsaya na wanke shi tas, amma ranar ko waiwaye ban yi ba.

Na tsallake igiya daidai lokacin da lamba arba'in ta tashi. Akuya ta matso kan layi tana gurnani, ƙasa tana rawa ƙarƙashin tafin ƙafata. Ko daga nesa na gani, bayanta ya ɗaga. Tsakanin taya da jiki akwai wata rata da babu ita jiya.

Zahari ya hango ni. Ya ɗaga gilashin hularsa.

"Nevena! Koma bayan igiya!"

Kowace motar tsere tana da jan makulli a waje, a gindin gilashin gaba, don in ta yi haɗari masu ceto su kashe wutarta. Na Akuya zarewa yake yi gaba ɗaya. Na murɗa shi, na zare, na dunƙule a hannuna.

Injin ya mutu.

Wurin ya yi tsit, har na ji ana juya nama a kan waya.

Zahari bai iya fitowa ba. An ɗaure shi tamau da bel, kafaɗa da ƙugu, hannunsa iyakarsa sitiyari da giya. Na durƙusa a bakin tagarsa.

"Mayar da shi," ya ce a hankali.

"Hamsin da shida, arba'in da huɗu."

Ya lumshe ido.

"Tsohon nan bai iya riƙe rantsuwa ba."

"Kai ka iya, ko? Ka sa hula tun safe don kada in ga ƙarya a fuskarka."

"Don kada ki yi abin da kike yi yanzu."

"Ka tuƙo ta daga rumfa zuwa nan. Me ka ji?"

"Lafiya lau."

"Dube ni ka faɗa."

Ya dubi sitiyari.

"Bayanta yana ɗan rawa."

"Ɗan rawa! A giya ta biyu, a cikin mutane, kana tafiyar kunkuru. To a gangarar famfo fa, a giya ta huɗu?"

"Zan taka birki da wuri."

"Kai? Tun da na san ka ko a ƙofar gida ba ka taɓa taka birki da wuri ba. Tukwanen furen Mamo shaida ne."

Na ga idonsa ya so yin dariya, sai ya fasa.

"Nevena, kin san me ake kirana a shagon kofi?"

"Ban damu ba."

"Kayan ɗakinki. Wai rana ɗaya aka kawo ni gidan Stoycho da injin wanki, kuma injin ya fi ni amfani."

"To su kira ka mana! Kayan ɗaki ai a ɗaki yake, kullum ina ganinsa, ba sai na hau dutse na kai masa fure ba."

"In na fita daga layin nan a gaban garin nan, haka za a kira ni har in mutu. Ɗan fili ya ga dutse ya ji tsoro, matarsa ta zo ta ɗauke shi."

"To mu bar musu garin. Mu koma Dobrich wajen mahaifiyarka, yau ɗin nan. In gidan ne ya ishe ka, ni ma ya ishe ni."

Ya girgiza kai cikin hular.

"Ba barin gidan nake so ba, Nevena. So nake in zauna a cikinsa."

Hawaye ne kawai suka zo, ni da na tsani kuka a gaban mutane.

"Yau ya ce min ɗana," ya ce. "Kin ji? Ni."

"Na ji. Na kuma san inda ɗansa na farko yake."

Mai tutar tashi ya matso. Baƙo ne, daga birni aka turo shi, jar riga, rediyo a kafaɗa, bai san kowa a cikinmu ba.

"'Yar'uwa, rigimar gida a gida ake yinta. Ko a tayar da motar nan, ko a ture ta gefe. Akwai mutane a baya."

"A ture ta!" na ce.

"Direba ne zai faɗa, ba ke ba."

"A tayar," Zahari ya ce.

"Da me?" Na ɗaga hannuna da makullin a ciki. "Sai dai ku karya min yatsu."

A nan ne mutane suka dare. Tate ne yake tahowa yana haki, yana jan ƙafarsa mai ciwo. A bayansa Mamo, riƙe da ɗan tulunta na tagulla cike da ruwa, wanda take zubawa a gaban duk wanda zai fita wani babban abu, don tafiyarsa ta gudana ba tangarɗa. Ta zuba mana ranar fara makaranta, ta zuba ranar aurena, ta zuba wa Akuya a kowace fita.

Tate ya sa hannu cikin wuyan rigarsa ya zaro igiya.

Wani jan makullin ne a jikinta, irin wanda ke hannuna.

Kaico na! Na manta wane ne ubana. Mutumin da ko cokali biyu yake saya don kada ɗaya ya ɓata.

"Tate, kada ka yi."

Bai kalle ni ba.

"Don girman Allah, Tate."

Ya tsaya a gefen motar, makullin a tafin hannunsa. Zahari ba zai iya kaiwa gare shi ba. Sai dai wani daga waje ya sa masa, ko ni ko Tate.

"Stoycho."

Mamo ce. Ashe tana tsaye a bayan motar kaya duk abin da muka faɗa a kunnenta. Ba ta ɗaga murya ba, kamar tana tuna masa ya sayo burodi.

"Famfo ɗaya nake wankewa duk Asabar. Ba ni da hannun wanke biyu."

Tate ya dubi tafin hannunsa. Yatsunsa suka rufe a kan makullin. Na ce a raina, shi ke nan, Mamo ta gama da shi, mun tsira.

"Tate," Zahari ya ce daga cikin motar.

Kalmar ɗaya tak.

Mahaifina ya sunkuya, ya cusa kansa ta tagar, ya kai bakinsa jikin hular. Ya yi magana, ban ji ko kalma ɗaya ba. Ya miƙe. Ya zura makullin.

Ya murɗa.

Na kai masa duka a baya da hannu bibbiyu, kamar na daki bango. Zahari ya danna maɓalli, injin ya tashi da wata irin ƙara da ta haɗiye ihuna. Maza biyu masu jajayen riguna suka janye ni baya. Ta bakin hular na ga idon mijina a kaina, sannan ya sauke gilashin.

Tuta ta faɗi.

Tun a tashin farko wutsiyar Akuya ta kaɗa hagu, ta kaɗa dama, tayoyin baya suna hayaƙi suna neman abin kamawa. 'Yan kallo suka yi shewa, su a ganinsu gwaninta ce. Ta miƙe da ƙyar, ta shige cikin itatuwa.

Na waiwaya. Tulun Mamo yana hannunta, cike. Ba ta zuba ba.

Na cakumi rigar Tate.

"Me ka gaya masa?"

Idonsa yana kan dutsen.

"Na ce ya hau har famfon Asen. Ya tsaya tun kafin gangara. Ya fito ya sha ruwa, ya gaishe min da ɗan'uwansa."

"Sai me?"

"Na ce in ya yi haka, gobe da hannuna zan rubuta sunansa a allon gareji, kusa da nawa. Kowa ya faɗi abin da zai faɗa."

"Me ya ce?"

"Hula ce a kansa, Nevena. Ban ga bakinsa ba."

Mu da muka tashi a gindin dutsen nan ba ma buƙatar gani. Da kunne muke bin mota. Muka yi shiru mu uku muna saurare.

Giya ta uku. Ya wuce gadar katako.

Ya saki mai, ya kama. Kwanar tsohuwar ma'adinai ke nan.

Ƙarar ta ɓace bayan dutse, ta dawo da ƙarfi. Ya fito miƙaƙƙiyar hanyar nan ta saman kwari.

Ta huɗu.

"Saki," Tate ya ce a hankali. "Saki yanzu, ɗana."

Ƙarar tana ƙara tsini. Ban taɓa jin Akuya tana kuka haka ba, sauƙin jikin ya yi mata daɗi. Daga ƙarshen miƙaƙƙiyar hanyar sai gangara, daga gangara sai famfo. In zai tsaya, nan da numfashi biyu zan ji ya saki.

Na riƙe numfashina.

Sai mai lamba arba'in da biyu, da ya matso kan layi dab da kunnena, ya taka mai iya ƙarfinsa yana ɗumama injin.

"Kashe!" na yi masa ihu. "Kashe, don Allah!"

Kafin ya gane ya saki, an gama.

Dutsen ya yi shiru. Babu Akuya.

"Ka ji?" na ce wa Tate. "Ya saki kafin gangara ko a cikinta?"

"Ban ji ba."

"Mamo, kin ji birki?"

Tulun ya karkace a hannun Mamo, ruwan yana zuba a kan takalmina, ita ba ta ma sani ba.

Rediyon mai tuta ya yi ƙara.

"A tsayar da tashi. A tsayar da tashi. Jar tuta a kwanar famfo."

In mota ta tsaya a kan hanya, jar tuta ake ɗagawa. In ta faɗa rami ma jar tuta ake ɗagawa. Tutar guda ce.

"Tambaye su!" na ce wa mutumin. "A tsaye take? Tambaye su mana!"

Ya ɗaga min hannu, ya ciro rediyon daga kafaɗa ya kai kunne, ya juya mana baya. Ya daɗe yana saurare. Ya ce, "Sake faɗa." Ya ƙara saurare.

Tate ya kama hannuna, wanda har yanzu jan makullin yake ciki. Ya matse har ƙarfen ya shiga namana.

Mutumin ya juyo. Ya dubi Tate, ya dubi Mamo, ya dube ni.

"Ke ce matar mai lamba arba'in da ɗaya?"